Bene a kan tashar jirgi: wa zai matsa wa wani?

Akwai wani gini a birnin Niyok, kan titin Park Avenue, sabuwar hedikwatar bankin JPMorgan da aka buɗe a 2025, tsayinsa mita 423. In ka kalli hotonsa ta ƙasa sai kaga kamar an ɗora shi a kan 'yan yatsu, ginshiƙan ƙarfe sun taho daga sama a baje sai suka tattare suka haɗu a 'yan wurare kaɗan kafin su taɓa ƙasa. Masu kallo na ta cewa kai ji salo, ji ƙawa. To akwai dalili bayan ƙawar. A ƙarƙashin filin nan layukan dogo ne na jiragen da ke shiga tashar Grand Central, babu damar ka haƙa fandisho inda ranka ya so, sai dai ka lallaɓa ka saukar da nauyin ginin ta tsakanin layi da layi. Wato jirgin da ke ƙasa shi ya nuna wa benen inda zai aje ƙafarsa.

Daga nan in ka taka kamar minti ashirin zuwa kudu maso yamma sai ka tarar da tashar Penn, inda abin ya juye, benen ne ya nuna wa jirgi iyakarsa. Gari ɗaya, tasha biyu, kuma duk wanda yake son ya gane rigimar gina dogayen benaye a kan tashar jirgi gaskiya ba sai ya je ko'ina ba, waɗannan biyun sun ishe shi.

Hujjar masu son a yi ginin dai tana da ƙarfi, ni kaina na yarda da ita. Idan za ka tara ma'aikata dubu goma a gini guda to ina ya fi dacewa ka tara su in ba inda jirgi ke sauke mutane ba? Mutum ya sauko daga tarago ya hau lifta ya shiga ofis, bai nemi mota ba bai ƙara wa titi gosulo ba. Kuma fili a kan tasha shine mafi tsada a gari, dan haka hukumar jirgi na iya samun kuɗi da shi. A Hong Kong da haka kamfanin jirgin ƙasa na MTR yake rayuwa, gwamnati ta bashi fili a kan tashoshi shi kuma ya haɗa kai da masu gini a raba riba, bene mafi tsawo a garin ma, ICC mai mita 484, a kan tashar Kowloon yake zaune. Matsalar tana wani wuri dabam, a wajen da mutane ba su cika kallo ba saboda baya fitowa da kyau a hoto.

Yawan mutanen da layin jirgi zai iya ɗauka lissafi ne mai sauƙi da ɗan firamare zai yi: jirgi nawa ke wucewa a awa ɗaya, sau mutum nawa ke shiga kowanne. Girman jirgi kusan a ɗaure yake, tsawon dandamali ne ya ƙayyade tarago nawa za ka jona, ba za ka ƙara biyu ba fasinja su sauka cikin rami. Saura yawan jirage. In tazarar da ke tsakaninsu minti biyu ce kana da jirgi 30 a awa, in ta zama minti biyu da rabi sun koma 24. Daƙiƙa talatin kacal ta cinye maka jirgi shida, kuma in kowanne na ɗaukar mutum dubu kaga mutum dubu shida kenan ka bari a tsaye.

To ina daƙiƙa talatin ɗin nan take ɓacewa? Wani ɓangare a sigina, tsohon tsari yana yanka layi gida-gida ne, jirgi baya shiga gida sai na gabansa ya fita har da ƙarin tazara, sabon tsari na kwamfuta kuma yana sanin daidai inda kowane jirgi yake sai ya bari su matso kusa da juna, an sa shi a layin L da layi na 7 a Niyok ɗin kuma ya taimaka. Amma babban ɓarawon lokaci shine tsayuwa a tasha.

Ka ɗauka kana tsaye a dandamalin layin Lexington, jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin gari, a Grand Central da ƙarfe takwas da rabi na safe. Jirgi ya tsaya ƙofofi sun buɗe, na ciki na son fita na waje sun yi dafifi a bakin ƙofa saboda babu inda za su ja da baya, bayansu ginshiƙi ne da bangon matakala. Waɗanda suka fita sun nufi matakala, ita kuma ta riga ta cika da mutanen jirgin da ya wuce ɗazu basu gama hawa ba, layi ya dawo har bakin tarago. Kwandasta ya danna a rufe ƙofa, wani ya zo a guje ya cusa jakarsa, ƙofa ta sake buɗewa, wasu uku suka bi bayansa. Jirgin da ya kamata ya tashi cikin daƙiƙa 30 ya yi minti guda. Na bayansa yana tsaye cikin rami yana jira, na bayan wannan ma haka, kuma tunda an jima jirgi bai zo ba tashar gaba ta ƙara cika, sai tsayuwar can ta fi ta nan tsawo. Haka abin ke cin kansa har ƙarfe goma. Layi gaba ɗaya bai wuce ƙarfin tasharsa mafi cunkoso ba, kamar mazurari ne, komai faɗin bakinsa wuyan ne ke yanke hukunci.

Kuma bene mutanensa ba a warwatse suke zuwa ba. Kanti ko otal ko gidajen kwana suna kawo jama'a kaɗan-kaɗan duk yini, ofis kuwa kowa takwas zuwa tara yake zuwa, ta hanya ɗaya, ya bi matakala ɗaya. Shi yasa in mai gini yace ai tashar na ɗaukar mutum kaza a rana, namu ƙari ɗan kaɗan ne, to wayo ne, lissafin yini baya gaya maka komai. Tambayar ita ce wace matakala, a wane kwata na awa.

Yadda Grand Central ta samu kanta a gaba labari ne da ya faro da hatsari. A watan Janairun 1902 jirage biyu suka yi karo cikin ramin Park Avenue, hayaƙin kwal ya rufe wa direba sigina bai gani ba, mutum 15 suka mutu nan take. Jiha ta yi doka cewa daga 1908 babu jirgin hayaƙi a Manhattan. Injiniyan kamfanin New York Central, William Wilgus, sai ya hango abin da ke cikin dokar: jirgin lantarki baya buƙatar sararin sama dan hayaƙi ya fita, dan haka ana iya binne layukan duka a ƙasa, hawa biyu ma, a rufe samansu, a sayar ko a bada hayar iskar da ke kai dan a biya kuɗin aikin. Haka aka yi. Tashar ta buɗe a 1913, dandamali 44 layi 67, da gangara maimakon matakala a mafi yawan wurare saboda jama'a su riƙa kwarara kamar ruwa, kuma titin Park Avenue da manyan gine-ginensa har da otal ɗin Waldorf Astoria duk a kan rufin layin dogo suke. Abin lura shine mutumin jirgi ne ya zana, ya fara shimfiɗa layukansa yadda yake so har da rara, sannan yace wa magina ga inda zaku kafa ginshiƙi. Tun ran gini tun ran zane.

Ita Penn an gina ta a 1910, gini ne na gani na faɗa. Bayan yaƙin duniya na biyu mota da jirgin sama suka kwashe fasinja, kamfanin Pennsylvania Railroad ya shiga matsin kuɗi, sai ya sayar da saman tashar. A 1963 aka fara rushe ta, a 1968 aka buɗe zauren wasanni na Madison Square Garden da benen ofisoshi a gurbinta, tashar kuma aka danna ta ƙasa ta zama kamar gidan ɓera. Masu wannan shawara sun ɗauka jirgin ƙasa mutuwa yake yi. Sai ga shi kafin korona sama da mutum 600,000 ke bi ta wurin a ranar aiki, a kan layi 21 ɗin nan dai na 1910.

A yi adalci, siraran dandamalin Penn ba zauren wasanni ne ya kawo su ba, tun asali haka aka yi su saboda an gina tashar ne dan matafiya masu nisa da ke zuwa jefi-jefi, ba dan ma'aikatan da ke tuɗaɗowa kowace safiya ba. Abin da ginin sama ya yi shine ya kulle kuskuren. Ginshiƙansa sun sauko ta cikin tashar har kan dandamali, yau in kace zaka faɗaɗa dandamali ko ka gusar da layi ko ka huda sabuwar matakala sai ka ci karo da abin da ke riƙe da zaure mai cin mutum kusan dubu ashirin. A 2021 an buɗe wa Penn sabon zauren jiran jirgi, Moynihan Train Hall, a tsohon gidan waya da ke tsallaken titi, dala biliyan 1.6, rufin gilas, haske ko'ina, kowa na ɗaukar hoto. Layin dogo ko ɗaya bai ƙaru ba. Ka jira jirgi a wuri mai kyau sannan ka gangara wancan siririn dandamalin dai.

Saura ƙiris Grand Central ma ta bi sahu. An riga an kafa mata benen Pan Am mai hawa 59 a bayanta tun 1963, wanda yanzu ake kira MetLife, sai a 1968 kamfanin Penn Central, mai tashar a lokacin, ya kawo zanen Marcel Breuer na bene mai hawa 55 a kan ginin tashar kansa. Amma rushe Penn ya riga ya fusata mutanen gari har an yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1965, hukuma ta hana, kamfani ya kai ƙara, su Jacqueline Kennedy Onassis, matar tsohon shugaban Amurka John Kennedy, suka shiga gangami, magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a 1978 alƙalai shida suka goyi bayan birni uku suka saɓa. Wani abu da ya fito daga wannan tsari shine haƙƙin iskar da ke kan tashar bai mutu ba, ana iya sayar wa maƙwabta su ƙara tsawon nasu. Shi wancan benen na JPMorgan har da iskar Grand Central ya saya. Ciniki ne mai ban dariya in ka tsaya ka yi tunani, ana sayar da hawan benen da ba a taɓa ginawa ba, amma fa mutanen da za su zauna a ciki na gaske ne kuma tasha ɗaya za su sauka.

Anan ne One Vanderbilt, benen ofisoshi da ke jikin Grand Central, ya shigo, wanda ake yawan kafa misali dashi. A 2013 magajin gari Michael Bloomberg ya so a sassauta dokar gini a unguwar tashar dan a samu sabbin dogayen ofisoshi, 'yan majalisar birni suka ƙi, babban ƙorafinsu shine za a fara tara jama'a ne kafin a gyara hanyar da za su bi. Kuma suna da gaskiya, layin Lexington a lokacin shi kaɗai ne a gabashin Manhattan tunda an rushe layukan sama na titi na biyu da na uku tun tuni, yana ɗaukar kimanin mutum miliyan 1.3 a rana shi kaɗai. Shirin ya mutu. A 2015 aka dawo da wani salo: kamfanin SL Green zai samu izinin gina ninki biyu na abin da doka ta saba bari a filin, shi kuma zai kashe dala miliyan 220 a kan tasha da kewayenta, kuma sai an gama gyaran sannan 'yan haya su shiga ƙarin hawan da aka bashi. Wannan sharaɗin na ƙarshe shine duk maganar, dan alƙawarin mai gini bayan ya karɓi makulli kowa ya san yadda yake ƙarewa.

Me aka yi da kuɗin? Sabbin matakalai, sabbin ƙofofin shiga, buɗe faɗin hawan tsakiya inda ake yankar tikiti, da wani aiki da ba zaka taɓa gani a talla ba, wato rage kaurin ginshiƙai da bangon matakala a kan dandamali dan a samu 'yan taku na wurin tsayawa. Mutum zai ce miliyoyin dala a kan fiƙe ginshiƙi? To ka tuna mai jakar nan da jama'ar da suka rasa inda za su ja baya. Ɗan hakin da ka raina. Benen ya buɗe a Satumbar 2020, mita 427, a tsakiyar korona gari fayau ba kowa, wanda shi ma darasi ne kan hasashen fasinja, yanzu ma cunkoson ya fi taruwa Talata zuwa Alhamis saboda masu aiki daga gida, kuma tasha dole a auna ta da ranar da ta fi cika.

Sai dai ni inda nake rabuwa da masu yabon wannan tsari shine in suka fara magana kamar bene zai iya biya wa gari jirgi. Duba alƙaluman. Miliyan 220 bai kai kashi goma cikin ɗari na kuɗin ginin kansa ba. Kashin farko na layin titi na biyu, wanda aka yi dan ya rage wa Lexington nauyi, tasha uku ne sababbi da rami kusan kilomita uku, ya ci dala biliyan 4.5, ya buɗe a 2017 bayan an fara maganarsa tun shekarun 1920. Sabuwar tashar Grand Central Madison da ta kawo jiragen Long Island ta buɗe a 2023 bayan ta lashe kimanin biliyan 11. Kuma saboda sama duk an cika da layuka da fandishon benaye dole aka nitsa da ita cikin dutse sama da mita 40, matakalar lantarkinta sai ka yi fiye da minti ɗaya da rabi kana tsaye kafin ka iso, wato wani ɓangare na lokacin da aka ce an rage wa fasinja a hanya ya tafi a hawa da sauka. Kuɗin mai bene na sayen matakala. Rami da sigina da sabon layi aljihun gwamnati ne, kuma bene shekara huɗu ya tashi, rami sai a yi shekara ashirin ana abu ɗaya.

Bambancin Hong Kong kenan da mutane ke mantawa in suna kwatance. Can gwamnati ce mai ƙasa, kuma ana zana tasha da bene lokaci guda, hannu ɗaya ke riƙe da alƙalami. A Niyok fili na wani, tasha ta wata hukuma, rami na Amtrak, kamfanin jirgin ƙasa na tarayya, izinin gini na birni, kuɗi kuma sai an roƙi jiha da tarayya.

Ga Penn ma ko da yau aka ɗauke zauren wasannin ba a gama ba. Duk jiragen da ke shigo mata daga New Jersey ta rami biyu suke bi a ƙarƙashin kogin Hudson, ɗaya shiga ɗaya fita, tun na 1910, jirgi 24 a awa shine iyaka. Guguwar Sandy ta cika su da ruwan gishiri a 2012, tun lokacin kankare da wayoyin ciki ke lalacewa a hankali. An taɓa fara aikin sabon rami, gwamnan New Jersey na lokacin Chris Christie ya soke shi a 2010 yace tsada. Amma duk da haka an yi ta kawo shirin kewaye tashar da sabbin benaye wai dan su biya kuɗin gyaranta.

Wurin da naga an yi abin da hankali shine Hudson Yards, 'yan taku yamma da Penn. Filin ajiye jirage ne mai layi 30 da aka gina a shekarun 1980, kuma tun a lokacin aka bar tazara tsakanin wasu layukan da gangan saboda wata rana za a kafa ginshiƙai a yi gini a kai, shekara kusan talatin tazarar na nan ba a taɓa ta ba. Da lokacin ya zo birni ya ciyo bashi ya miƙa layi na 7 zuwa unguwar, dala biliyan 2.4, ya buɗe a 2015 kafin benayen su cika, da nufin harajin sabbin gine-ginen ya biya bashin. Ba a rasa tuntuɓe ba, an yanke tasha guda da aka tsara a titi na goma dan rage kuɗi, yanzu unguwar ta cika da gidaje jirgi na wucewa ta ƙarƙashinsu baya tsayawa, kuma gina ta yau zai fi tsada nesa ba kusa ba.

Abin da yafi burge ni dai shine wanda babu mai ganinsa. A 2013, ana dab da fara kafa ginshiƙan benayen, Amtrak ta lura cewa nan ne kaɗai hanyar da sabon ramin Hudson zai bi ya shiga Penn, in aka zuba fandisho shikenan an toshe har abada. Babu kuɗin ramin a lokacin, babu ma tabbacin za a taɓa yinsa. Sai suka haƙa suka zuba wani dogon akwatin kankare a ƙarƙashin filin, faɗin layi biyu, babu dogo babu jirgi, suka rufe, magina suka ɗora benayensu a kai. Akwatin ya yi shekara goma a kulle cikin duhu kafin a samu kuɗin ramin da zai shige shi, aikin da yanzu ake ƙiyasta shi a kan dala biliyan 16. Shi kuma Madison Square Garden da izininsa ya ƙare a 2023 majalisar birni ta sabunta masa na shekara biyar ne kacal, zuwa 2028, ginshiƙansa na nan inda suke a kan dandamali.